Kunyar 'Yar Fari a Gaban Iskoki

A cikin tulu na shiga, da rana tsaka, ina ji ina gani, kuma tulun nan bai fi na ruwan shan gidan kowa girma ba. Wanda ya ga dama ya yarda. Ni dai sunana Nomau, noman albasa nake yi a fadamar Rafin Kanya, ban taɓa sha'awar harkar iskoki ba, kuma har gobe ban saki jiki da ita ba.

'Yata ta fari ce ta kai ni. Ta je itace gindin wata tsamiya da ke bayan gari, ta dawo ba ci ba sha. In ana yi mata magana sai ta riƙa duban bayan mai maganar, kamar akwai wani a tsaye. Mun kai ta asibiti aka ce ba a ga komai ba. An yi rubutu ta sha, an yi tofi, an yi hayaƙi. Ta rame har awarwaro yana zamewa daga hannunta.

Ana nan sai ga Inna Gwamma, yayar mahaifiyar matata Kubura, wadda ita ce shugabar 'yan borin yankinmu. Ta dogara sandarta ta zauna, ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta ce, "Nomau, mutanen ɓoye ne suka gan ta suna so. Ko a girka ta su zauna da ita lafiya, ko ku yi ta zuba ido har a fitar da ita a makara."

Tun a ranar na zargi tsohuwar nan. Ta tsufa, ba ta da magajiya, kuma na sha ganin yadda take bin yarinyar da ido a wajen biki. Na ce a raina, anya ba ita ta nuna musu ita ba? Amma Kubura ta hana ni sakat da kuka, ni kuma dabara ta ƙare mini. Na yarda, zuciyata ba ta so.

Aka kai ta wani ɗaki a bayan gidan Gwamma, da farin zane da jan zakara. Ba a barin uba ya leƙa. Ni dai daga bayan danga nake jin garaya da caki, ina shaƙar turaren da ban san sunansa ba, ina istigfari. Ranar fitarwa muka taru, masu garaya suka yi ta kiɗa, ana jiran atishawa, domin ita ce alamar iska ta sauka mutum ya dawo jikinsa. Shiru. Rana ta take tsaka, shiru. Sai ga Gwamma ta leƙo ta yafito ni da hannu.

Na tarar da yarinyar a kwance, ido a buɗe, tana numfashi, amma ba kowa a cikin idon.

Gwamma ta ce, "An gama mata komai a can, an koya mata abin da za a koya mata. Fitowa ce suka hana. Sun ce ba ta da uba."

Na ce, "Ni kuma mene ne? Kututture?"

"Duk maganar da ɗan Adam ya yi, iska ce ke ɗaukarta, wurinsu take sauka. Sun ce sun duba tun daga ranar da aka haife ta, ba su taɓa jin sunanta a bakinka ba. A dokarsu, wanda aka girka in ba shi da mai kira, nasu ne."

To jama'a, wa ke kiran sunan ɗan fari a garinmu? Ubana har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan wana ba. Kubura ma ba ta kiran sunan yarinyar. Ranar suna, wana Arzika ne ya raɗa wa liman. Ni "ke" nake ce mata, in zancenta ya taso in ce "yarinyar nan". Haka muka taso muka tarar, kunya ce, ba ƙiyayya ba ce.

Na ce, "In abin da suke so ke nan, a fita a ba ni wuri."

Ta girgiza kai. "An rufe ƙofa. Kiran nan ba zai isa ba, sai a gaban alƙalinsu." Ta nuna mini wani baƙin tulu a kusurwar ɗaki. "Kada ka ci abin da aka ba ka. Kada ka zauna a tabarmar da aka shimfiɗa maka. In aka kira la'asar ba ku fito ba, dole in kife tulun, in ba haka ba abin da zai fito ba ku ba ne."

Na dube ta, na ce, "Inna, in wani abu kika shirya, Allah yana gani."

Ta ce, "Yana gani. Sa ƙafa, rana na tafiya."

Na yi bisimilla na sa ƙafar dama. Sai na ji an fizge ni kamar yadda ake zare ƙaya.

Na buɗe ido a wata ƙasa wadda itatuwanta saiwoyinsu ke sama, ganyensu a binne. Babu rana a sama, hasken daga ƙasa yake tasowa, yana bin tsakanin yatsun ƙafa. Hanya ɗaya ce, na bi ta da sauri, har na iso wata ƙofa da ke tsaye ita kaɗai a fili, ba ganuwa dama ba ganuwa hagu. Na so in zagaye ta, amma duk inda na bi sai in tarar da ita a gabana. A bakinta akwai wani dogo mai ƙafa ɗaya, tsawonsa ya kai giginya, sai da ya naɗe wuyansa kamar igiya kafin fuskarsa ta sauko daidai tawa.

Na yi masa sallama da ƙarfi, don in ga ko zai ƙone.

Ya ce, "Wa alaikumus salam, ya kai ɗan Adam mai warin albasa. Kada ka yi mamaki. A cikinmu akwai masu salla akwai marasa yi, kamar dai garinku. Wa kake nema?"

"Yarinyar gidana."

"A gidanka akwai 'yan mata, akwai karsana, akwai 'yar tunkiya. Wacce daga ciki?"

Na ce, "Babbar."

Ya yi wata dariya kamar iska na kaɗa kwanon rufi. Ya ce, "Lalle kai ne. Wuce. Amma ba a shiga ƙasarmu da inuwa, sai ka ajiye ta a nan."

Kafin in ce uffan ya sunkuya ya kama inuwata ta wuya, ya ɓanɓare ta daga diddigena, ya naɗe ta kamar tabarma. Wani sanyi ya ratsa ni har cikin haƙori. A jikin ƙofar akwai ƙusoshi, an rataye inuwoyin wasu mutane a jere. Na lura tawa bai rataye ta ba. Miƙa ta ya yi bayan ƙofa, wani hannu ya karɓa.

Na ce, "Ina za a kai ta?"

Ya ce, "Ajiya."

Ban yarda ba, amma ba lokacin musu.

Ban yi nisa ba na fara jin hayaniya kamar cin kasuwa, ashe kogi ne. Ba ruwa ke gudu a cikinsa ba, magana ce. Gaisuwa da ciniki da gulma da rantsuwar ƙarya da kukan jarirai, duk suna tafe suna birgima, suna kumfa. A bakin gaɓa wata tsohuwa tana zaune, gashin kanta kainuwa ce, tana sassaƙa da ɗan gizago. Kusa da ita ga jirage an ɗaɗɗaure, wasu manya da za su ɗauki shanu.

Na ce, "Sannu da aiki, Iya. Fito nake so."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ya kai baƙo, a nan kowa da jirginsa. Da maganar da ka yi wa wanda kake nema ake sassaƙa shi. Ga naka, yanzu na gama."

Ta turo mini wani abu da bai fi akushi ba. Na duba cikinsa na ga abin da aka harhaɗa. "Ke." "Kawo ruwa." "Rufe ƙofa." "Ce wa uwarki ina kira." Shi ke nan, sai wani ɗan guntun "sannu" da aka toshe rami da shi.

Na ce, "A wannan zan haye? So kuke ku kashe ni."

Ta ce, "Na yi iya yina. Tun da nake aikin nan ban taɓa ganin uba mai rowar baki irinka ba. Shiga ko ka koma."

Na durƙusa a ciki, gwiwoyina a haɓa, na riƙa tuƙi da hannu. Ko tsakiya ban kai ba "sannu" ɗin nan ya fice, kogi ya fara shigowa. Jirgi ya nutse da ni. Zage-zagen mutane suka manne mini a jiki kamar matsattsaku, gulma ta shiga kunnuwana, na ji har da wadda aka yi a kaina a majalisa, da muryoyin da na sani. Na nutse har wuya, na yi kalmar shahada. Sai na ji ƙafata ta taka dutse. Na miƙa ɗayar, wani dutsen. Duwatsu ne a jere a ƙarƙashi, manya, masu ɗumi, na bi su ɗaya bayan ɗaya har na dafa gaɓa.

Tsohuwar ta miƙe daga can ƙetare tana ɗaga gizago. "Waɗannan duwatsun ba namu ba ne! Abin da ka roƙa mata ne a zuci, bai biyo ta iska ba. Kada ka yi murna, alƙali ba ya karɓar su shaida!"

Na wuce ina ɗiga. Gaba kaɗan na faɗa wani fili mai faɗi, cike da mutane masu farin zane, maza da mata, kowa da turmi a gabansa yana daka. Na leƙa turmi ɗaya, babu komai a ciki. Na leƙa wani, haka. Ba mai yi wa wani magana. Ina ratsawa ta tsakiyarsu sai wata mata ta riƙe mini gefen riga.

Ta ce a hankali, "Ɗan uwa, wa ya turo ka?"

"Gwamma."

Ta saki taɓarya ta dafe ƙirji. "Ni ma ita ta girka ni. Duk mu nan waɗanda ba a zo karɓa ba ne. Ka san me suka yi mata alkawari? Ƙarin kwana, in ta kawo 'ya da uba tare. Koma tun ba ta kife tulu ba. Kai ko ka tsira."

Na ce, "Yaya sunanki? Wane gari?"

"Ya ruɓe. Suna in ba a kiransa ruɓewa yake yi."

Abin da na daɗe ina zargi ke nan aka faɗa mini ƙarara. Amma kuma na lura matar nan tana maganar tana satar kallon bayana, kamar mai jiran a ce mata ta yi daidai. Shin gaskiya take faɗa, ko an ajiye ta ne don ta mayar da ni? Na tsaya, ƙafa ɗaya na son gaba ɗaya na son baya. Daga ƙarshe na ce a raina, in ma tarko ne, ai yarinyar tana cikinsa. Na fizge rigata na wuce.

Birninsu suri ne, irin na gara, amma kowane ɗaya ya fi hasumiyar masallaci tsawo, ƙofofin kuma can sama suke, don su ba sa bukatar matakala. A tsakiyar birnin ga tsamiya. Na gane ta, ita ce ta bayan garinmu, har da reshen da aradu ta tsaga, sai dai a nan ta rufe sama gaba ɗaya. A gindinta an cika maƙil. Akwai masu kan kura, akwai masu rawani da carbi, akwai waɗanda in ka dube su kai tsaye ba ka ganin komai sai ka kau da kai. Alƙalinsu yana kan wata saiwa a zaune, dattijo mai jan rawani. Idanunsa a rufe suke ruf, amma kunnuwansa kowanne ya kai faifai, suna motsi su kaɗai.

Aka shimfiɗa mini tabarma, na ce na gode, tsayuwa ta fi mini. Aka miƙo goro fari tas, na ce haƙorina ke ciwo.

Sai na ga yarinyar. Tana zaune a gefen alƙali cikin farin zane, an yi mata lalle, ta murmure kamar ba ta taɓa ciwo ba. Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ni ne na sunkuyar da kai.

Alƙali ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ka sha hanya, amma ka makara. Uban yarinya ya riga ka isowa."

Taro ya dare, wani mutum ya fito. Rigata ce a jikinsa, har da facin da Kubura ta yi mini a kafaɗa. Hulata, tsagar fuskata, har fason diddigena. Ya tako a natse ya durƙusa a gabanta, ya dubi fuskarta, ya ce da muryata, "Barira. Barira 'yata, kin sha wuya. Barira ta Nomau, tashi mu je gida."

Na yi ihu, "Ƙarya ne! Wallahi wannan ba ni ba ne! Haɗa baki aka yi!"

Alƙali ya juyo da kunne ɗaya wajena. "Ba a ihu a majalisarmu. In kai ne, kira ta."

Na buɗe baki. Ga dattawa masu furfura sun kewaye ni, ga ita kanta tana kallona. Na ji kamar ubana yana tsaye a bayana. Harshena ya yi nauyi kamar gungume. Sunan yana nan a maƙogwaro, ina jin sa, amma ya ƙi wucewa. Abin da ya fito shi ne, "Ke... ke yarinya..."

Dariya ta tashi kamar iska a cikin karan dawa. Wani mai kan kura ya ce, "Wannan ko akuyarsa ta ɓata ba zai same ta ba."

Alƙali ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya juya wajenta ya ce, "Ya ke amaryar girka, an nuna miki saiwoyi, an sanar da ke kirarin kowa a cikinmu, kin haye abin da ake hayewa. Saura ɗaya. Wadda za ta zauna tsakaninmu da mutane dole ta iya rarrabe na gaske da jabu. Wanne ne ubanki? Wanda kika bi, kin bi ke nan."

Ta ce, "Allah ya ƙara wa alƙali adalci. Tun kafin su buɗe baki na sani. Ubana shi ne wancan mai duban ƙasa."

Na saki ajiyar zuciya. Ashe ba ta gama ba.

"Amma ina da roƙo. Kafin in tashi, a bar wannan ya ƙara kirana. Ban taɓa jin yadda sunan yake a muryar nan ba."

Jama'a, an taɓa sarana da lauje a gona, ban ji zafin da na ji a lokacin ba.

Alƙali ya ce, "An ba ki."

Mutumin ya ce, "Barira." A hankali, kamar mai lallashin jariri. Ta lumshe ido. Ya sake cewa, "Barira," ya miƙe ya fara ja da baya, yana miƙo mata hannu. Na ga ta tashi tsaye, idonta a rufe. Na ga jikinta ya karkata wajensa. Na dubi alƙali na ga yana murmushi cikin gemu, sai na gane. Bai ce wanda ta nuna ba, cewa ya yi wanda ta bi. Ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya. A bayan mutumin, gindin tsamiya ya buɗe baki, baƙi ƙirin.

Ban san lokacin da sunan ya fito daga bakina ba.

"Barira!"

Ba daɗi a cikinsa ko kaɗan. Kamar ƙarar tsohon ƙyaure ya fito, a tsage, har da tari. Ganyen tsamiya ya zubo mana a ka. Ta tsaya da ƙafa a sama. Ta buɗe ido ta juyo.

Ta ce, "Na'am, Baba."

Mutumin nan ya sulale ƙasa ya baje, ya yi baƙi, ya jawo jiki ya zo ya manne a diddigena. Sai a lokacin ɗumi ya dawo mini.

Alƙali ya ce, "Taka ce, ba mu canza ta ba. Inuwar mutum ita ke ɗauke da abin da ya haɗiye. Mu ba mu sa mata ko kalma ɗaya a baki ba."

Na ce, "Allah ya ƙara maka adalci, ku kuka sani. A ba ni 'yata mu tafi."

"Za ku tafi. Amma saurari hukunci, ya kai ɗan Adam. An girka ta, kuma ba a warware girka. Tana da gida a wurinku, tana da gida a wurinmu. Za mu riƙa kiranta, kai ma ka riƙa kira. Duk kaka, in kun auna hatsinku, mu ma za mu auna. Wanda kiransa ya rinjaya, shi ke da ita."

Na ce, "Ta yaya zan san kun kira?"

Ya ce, "Ba za ka sani ba."

Ita ta shige gaba a komawa, don ta fi ni sanin hanya. A filin masu daka na nemi matar nan, na hango ta ta juya mana baya. A bakin kogi Barira ta faɗi wata kalma da ban ji ba, magana ta dare biyu muka wuce a kan yashi. Dogon mai ƙofa ya rusuna mata har ƙasa, ni ko kallona bai yi ba. Sai na ji an sake fizgata.

Na faɗo tsakar ɗaki, kaina ya bugi ƙasa. Ladan ya fara kiran la'asar. Abin da na fara gani shi ne hannuwan Gwamma biyu a wuyan tulun, ya ɗan karkace. Kife shi za ta yi tun lokaci bai cika ba, ko tallafe shi take yi kada ya faɗi? Na dubi fuskarta ban karanta komai ba. Sai yarinyar ta yi atishawa, ta sake yi, mata suka ɓarke da guɗa a waje.

Ta warke sarai. Yanzu mata kan zo wurinta da 'ya'yansu, ta shiga daji ta haƙo musu saiwa. Ban hana ba, amma ban yarda ta kwana gidan Gwamma ba ko sau ɗaya. Na taɓa tambayarta ko tsohuwar ta san da zancen inuwar nan tun farko, da kuma ko matar filin daka gaskiya ta faɗa. Ta ce, "Baba, abin da aka gani a can ba a kawo shi nan." Ban sake tambaya ba, ban kuma daina zargi ba.

Kira kuwa, ina yi. Da asuba in na dawo masallaci ina kira. In zan tafi fadama ina kira, in na dawo ina kira. Wani lokaci ba abin da zan ce mata, sai in ce ta duba mini ko hadari ya taso, alhali da rani ne. Kubura takan rufe fuska da mayafi ta shige ɗaki. A majalisa sun sa mini suna Mai Shela, in na doso sai wani ya ce, "A matsa wa Mai Shela, ko an yi ɓatan 'ya ne yau ma?" Wana Arzika ya zo har gida ya zaunar da ni.

Ya ce, "Nomau, ka zubar mana da mutunci. 'Yar fari? A tsakar gida, da ƙarfi, maƙwabta na ji? Da Baba na da rai da ka sha mari."

Na ce, "Yaya, da Baba ya ga abin da na gani, da ya kira ka."

Ya ɗauki takalmansa ya fita bai yi sallama ba.

Kaka ta kusa. Dawa ta fara sunkuyar da kai, ni kuma barcina ya ragu, don ban san nawa suka tara ba. Jiya da hantsi ina gyaran danga, tana daka a tsakar gida, sai na ji taɓarya ta yi shiru. Na leƙa. Ta tsaya da taɓarya a sama, ta karkatar da kai wajen bayan gari, kamar mai saurare.

Na yar da igiya na ƙwala, "Barira!"

Ta yi firgigit, ta ce, "Na'am, Baba. Ƙuda ne ya shigar mini kunne."

Na duba ko'ina ban ga ƙuda ba.

Na ce, "To. Barira."

"Na'am."

"Barira."

Ta ajiye taɓarya ta dube ni, tana danne dariya, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Baba, ina nan fa."

Na ce, "Na sani. Ci gaba da dakanki." Na koma bakin danga na tsuguna, igiya a hannu, kunnena a kan turmi.